Tazarar Soket a Ofishin Cikin Gida Mai Kafaffiyar Kanta

Kundin ƙa'idojin aikin lantarki na Amurka, wanda ake sabuntawa duk bayan shekara 3, ya tanadi cewa a ɗakunan zama, har da wanda aka mayar ofis, kada wani wuri a jikin bango ya yi nisan fiye da mita 1.8 daga soket. Ke nan tsakanin soket biyu ba zai wuce mita 3.6 ba. Duk bangon da faɗinsa ya kai santimita 60 yana shiga lissafi. Manufar ita ce a rage jan wayar jona, wadda kan yi zafi idan an ɗora mata kaya da yawa.

Inda ake samun ruɗani shi ne bangon da aka kafa wa kabad. Bugun 2017 ya fayyace cewa kabad mai kanta ko teburin aiki a samansa ana ƙirga shi a matsayin bango, don haka ba a tsallake shi wajen awo. Soket ɗin da ke cikin kabad, ko wanda ya haura mita 1.7 daga ƙasa, ba ya cikin ƙidaya. Saboda haka a saman kanta ya fi dacewa a sa shi.

Kantar kicin tana da ƙa'ida mai tsauri, wato soket a kowace mita 1.2. Kantar ofis ba ta cikin wuraren da aka ambata a wannan sashe, amma mai kwamfuta da firinta da cajar waya zai fi samun sauƙi idan ya bi ta.

Waɗannan alƙaluma ba dokar Nijeriya ba ne. A nan ana amfani da wuta mai ƙarfin bolt 230 da soket mai baki uku na amfiya 13, kuma ana shawartar jama'a su ba da aikin ga ma'aikacin da ke da takardar shaida daga hukumar NEMSA.