Faɗin Baki Ya Fi Lambar Kwali: Abin da Tarihin Na'urar Hangen Nesa Ya Koya Mana

A shekarar 1608 wani mai haɗa tabarau a garin Middelburg na ƙasar Holan, Hans Lipperhey, ya nemi hukuma ta ba shi haƙƙin mallakar wani bututu mai gilashi biyu da ke jawo abin nesa kusa. Ba a ba shi ba, domin wasu ma sun ce sun san dabarar. Labari ya kai Italiya, Galileo ya ƙera tasa a 1609. A watan Janairun 1610 ya ga watanni huɗu suna kewaya Mushtari, da na'urar da ke ninka girman abu kamar sau 20 kacal.

Mu riƙe wannan lamba. Yau muna ganin kwalaye a kantunan intanet an rubuta sau 500, kuma da yawanmu lambar muke saye, kamar yadda muke sayen waya don yawan megafiksel.

Gilashin farko yana da aibi: yana warwatsa haske zuwa launuka, sai tauraro ya fito da gezar bakan gizo. Maganin da aka fara samu shi ne tsawaita bututu, har Johannes Hevelius na birnin Danzig ya gina mai tsawon kusan mita 45, wadda iska kaɗan ke girgiza ta. A 1668 Isaac Newton ya bi wata hanya a Ingila: ya sa madubi mai lanƙwasa ya tattara hasken a madadin gilashi. Madubi ba ya raba launi, kuma faɗaɗa shi ya fi araha.

Faɗin nan shi ne gaskiyar magana. Na'ura kamar kwarya ce a ƙarƙashin ruwan sama, iya faɗin bakinta iya abin da za ta tara. Mai milimita 200 tana tara haske ninki huɗu na mai milimita 100. Masu kallon taurari suna da ma'auni: girman da zai yi amfani ba ya wuce ninki biyu na faɗin baki a milimita. Ke nan mai milimita 60 iyakarta sau 120, abin da ya haura haka dusu-dusu ne.

Wanda ya sauko da madubin Newton hannun talaka shi ne John Dobson, Ba'amurke da ya yi shekaru a gidan ibada a Kalifoniya. Da gilashin tagar tsofaffin jiragen ruwa, bututun kwali da katako ya riƙa haɗa manyan na'urori a kan mazauni mai sauƙin juyawa. Bayan ya bar gidan a 1967, ya dinga kafa su a bakin titin San Francisco yana kiran masu wucewa su leƙa wata. Har yau irin wannan ƙira sunansa take ɗauke da shi.

Saboda haka idan mun tara kuɗinmu, mu fara tambayar faɗin baki, sannan ƙarfin mazauni, domin wanda ke rawa zai gajiyar da mu a dare ɗaya. Ƙirar Dobson mai milimita 150 za ta nuna mana zoben Zuhal da ramukan wata. In kuɗin bai kai ba, tabaran hange na ido biyu mai milimita 50 ya fi na'ura mai araha da ƙafa sanda-sanda. Da shi ma za mu ga cewa Kaza da 'Ya'yanta sun fi bakwai nesa ba kusa ba.