Daga Ina Zafin Garin Niƙa Yake Fitowa? Tarihin Tambayar da Ta Wahalar da Masana

In ka taɓa kai niƙa inji, ka san garin da yake zubowa cikin kwano da zafinsa yake fitowa. Shi ya sa iyayenmu mata suke baza shi ya sha iska kafin a zuba a buhu. To amma dawar da ka kai ba ta da zafi, ƙarafan da suka murƙushe ta ma da sanyinsu aka tayar da injin. Kada ka ce zafin man da injin yake ƙonawa ne, domin wancan ɓangaren yana gefe guda, bel ne kawai ya haɗa su. To daga ina zafin ya fito?

Yau ɗan sakandare zai amsa maka da kalma ɗaya: gogayya. Amma kafin wannan amsa ta zauna, sai da manyan masana na Turai suka shafe fiye da shekara hamsin suna jayayya. Wanda ya fara girgiza tsohuwar fahimta kuwa, a masana'antar makamai ya yi gwajinsa, da igwa da dawaki biyu.

Lokacin da aka ɗauki zafi a matsayin wani abu mai gudana

Wajen shekarar 1761, wani malami a jami'ar Glasgow ta ƙasar Sikotland mai suna Joseph Black ya lura da wani abin mamaki. In ka ɗora ƙanƙara a wuta, tana ta shan zafi tana narkewa, amma ma'aunin zafi ba ya motsawa daga sifili har sai ta narke gaba ɗaya. Zafi yana shiga, amma ba a ganinsa. Black ya kira shi ɓoyayyen zafi. Irinsa ne yake sanyaya ruwan randa: ruwan da ya tsattsafo ta jikin yumɓu yana bushewa, yana tafiya da zafin na ciki.

Masana suka ce, abin da yake iya shiga jiki ya ɓuya, ya kuma fita daga wannan ya koma wancan, lalle wani abu ne mai gudana kamar ruwa, sai dai ba a ganinsa. Shahararren masanin sinadarai na Faransa, Antoine Lavoisier, ya ba shi suna kalorik. A littafinsa na 1789 ya jera sinadarai 33 da ya ɗauka su ne asalin komai, ya sa kalorik a cikinsu tare da ƙarfe da zinariya.

Kada ka yi saurin yi musu dariya, mai karatu. Wannan ra'ayi ya amsa tambayoyi da yawa. Me ya sa ƙarfe yake buɗewa in ya yi zafi? Kalorik ne ya shiga ya cika shi. Me ya sa shayi yake hucewa? Kalorik ya gangara daga inda yake da yawa zuwa inda yake kaɗan, kamar ruwa a kwari. Me ya sa ƙarfe yake ɗaukar zafi in maƙeri ya yi ta dukansa, ko da bai sa shi a wuta ba? Matse shi aka yi, kalorik ya tsiyayo kamar yadda ake matse soso. Tun 1620 Francis Bacon ya rubuta cewa zafi motsi ne, amma masu wannan ra'ayi ba su da lissafin da za su nuna, su kuwa masu kalorik suna da ma'auni da alƙaluma.

Igwar da ta tafasa ruwa

An haifi Benjamin Thompson a 1753 a Massachusetts. Da yaƙin neman 'yancin Amurka ya tashi, sai ya goyi bayan Ingila, dole ya bar ƙasar. Yawo ya kai shi Bavaria, a kudancin Jamus ta yau, inda ya zama babba a harkar soja har aka ba shi sarauta, aka koma kiransa Rumford. Cikin ayyukansa har da kula da masana'antar makamai ta birnin Munich.

A wancan zamani, igwa curi guda ake zuba ta da tagulla, sannan a huda mata rami da ƙarfe mai kaifi, dawaki suna juya ta. Kowa ya san tana yin zafi sosai wajen huda. Masu kalorik suna da amsa a shirye: ɓarɓashin da ake kankarewa ne yake sakin kalorik ɗin da ke cikinsa.

Rumford bai gamsu ba. Ya auna ɓarɓashin, ya tarar yana riƙe zafi daidai da tagullar da ba a taɓa ba, wato bai rasa komai ba. Daga nan sai ya yi dabara. Ya sa aka kawo ƙarfen huda dakusasshe, wanda ba ya yanka sai dai ya yi ta guga. Ya nutsar da wurin gugar cikin akwati mai ruwa kimanin lita takwas da rabi, ya sa dawaki biyu suka fara zagaye.

Ruwan ya fara ne daga kusan digiri 16. Bayan awa ɗaya ya kai wajen 42. Bayan awa biyu ya haura 80. Da awa biyu da rabi ta cika, sai ga ruwa yana tafasa, ba itace, ba gawayi. Mutanen da suka taru suna kallo suka riƙe baki.

Abin da ya fi damun Rumford shi ne zafin ba ya ƙarewa. Soso in ka matse shi, a ƙarshe zai bushe. Igwa kuwa, muddin dawaki suna tafiya, zafi yana fitowa. Abin da ƙaramin curin ƙarfe zai yi ta bayarwa ba iyaka, in ji shi, ba zai zama wani abu da aka ajiye a ciki ba. Abu ɗaya ne yake shiga ba tsayawa, shi ne motsin dawakin. A watan Janairun 1798 aka karanta rahotonsa a gaban ƙungiyar masana ta Royal Society a Landan.

Wani abin ban dariya: an fille kan Lavoisier a 1794 lokacin juyin juya halin Faransa, kuma a 1805 Rumford ya auri matar da ya bari. Auren dai bai yi ƙarko ba.

Me ya sa ba a yarda nan take ba?

Za ka zaci daga nan magana ta ƙare. Ina! Kalorik ya ƙara rayuwa kusan shekara hamsin. Rumford ya nuna akwai ɓaraka, amma bai kawo lissafin da zai maye gurbin na da ba. Masana kuwa ba sa yar da kayan aikin da yake yi musu amfani sai sun sami wanda ya fi shi.

Kuma yana yi musu amfani ƙwarai. A 1824 wani matashin injiniya Bafaranshe, Sadi Carnot, ya yi nazarin injin tururi da wannan ra'ayi. Ya ce kamar yadda ruwa yake juya inji in ya faɗo daga tudu, haka zafi yake yin aiki in ya sauko daga wuri mai zafi zuwa mai sanyi, kuma gwargwadon tazarar da ke tsakani, gwargwadon aikin da za a iya samu. Ginshiƙin da ya dogara a kai kuskure ne, amma sakamakon ya tsaya har yau. Kwalara ta kashe shi a 1832 yana da shekara 36. Sai a 1878 aka buga rubuce-rubucen da ya bari, aka ga ashe shi ma ya riga ya dawo daga rakiyar kalorik.

Mutumin da ya kawo lamba

James Joule, haifaffen 1818 a Salford kusa da Manchester, ba malamin jami'a ba ne. Mahaifinsa yana da masana'antar giya, sana'ar da ta dogara da auna zafi daidai-wa-daida. Tambayarsa ita ce: in motsi ne yake zama zafi, motsi nawa yake haifar da zafi nawa?

Ya ƙera tukunyar jan ƙarfe, ya sa mata farfela a ciki kamar maburgi. Ya naɗe igiya a sandar farfelar, ya ɗaura mata curin dalma. Dalma tana saukowa, igiya tana warwarewa, farfela tana burga ruwa. Ya san nauyin dalmar, ya san tsawon da ta sauko, saboda haka ya san yawan aikin da aka yi. Saura ya auna ɗumin da ruwan ya ƙara, wanda bai kai ko digiri ɗaya ba. Ya maimaita sau da yawa, ya gwada da zaiba, ya gwada da gugar ƙarfe, amsa tana dawowa kusan wuri ɗaya.

Da ya fara gabatar da sakamakonsa a taron masana a birnin Cork a 1843, shiru aka yi masa. A 1847, laccarsa mafi muhimmanci a wata jaridar gari ta Manchester ta fito. A taron Oxford na wannan shekara ma cewa aka yi ya taƙaita. Sai wani saurayi da bai wuce shekara 23 ba, William Thomson, wanda daga baya duniya ta sani da Lord Kelvin, ya nuna sha'awa ya fara yi masa tambayoyi, mutane suka farga. A Jamus ma wani likita, Julius Robert Mayer, ya buga irin wannan ra'ayi tun 1842, shi ma aka share shi shekaru da dama.

A 1850 Joule ya fitar da lambarsa: in nauyin laba 772 ya sauko ƙafa ɗaya, aikin da ya yi zai ɗumama laba ɗaya ta ruwa da digiri ɗaya a ma'aunin Fahrenheit. Awon yau ya ce 778 ne, wato kuskurensa bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. A ma'aunin da muka saba, sai ruwa ya faɗo daga tsawon kusan mita 427 kafin faɗuwar ta ƙara masa digiri ɗaya. Ka ga dalilin da ya sa aka daɗe ba a lura ba: aiki mai yawa ne yake ba da ɗumi kaɗan.

A wannan shekarar ce Rudolf Clausius ya sulhunta Carnot da Joule. Ya ce zafi makamashi ne, ba ya ɓacewa, sai dai ya sauya kama. Amma inji ba zai iya mai da dukkan zafi aiki ba, dole wani kaso ya fice zuwa wuri mai sanyi. Shi ya sa janaretonka yake ƙona hannu, shi ya sa mota take buƙatar lagireto, komai ƙwarewar wanda ya ƙera ta.

Joule ya rasu a 1889. A jikin dutsen kabarinsa an sassaƙa lamba 772.55, sakamakon awonsa na ƙarshe, kuma da sunansa ake auna makamashi a duk duniya. Kalorik kuwa ya tafi, amma danginsa na nan: kalmar kalori da kake gani a jikin kwalin biskit daga tushe ɗaya suka fito.

Yanzu koma wurin mai niƙa. Bel ya juya ƙarafa, ƙarafa sun gogi dawa. Wannan babban motsi da idonka yake gani bai ɓace ba, ya watsu ne cikin ƙananan ƙwayoyin da suka haɗu suka yi garin, suka ƙara saurin karkarwa. Wannan karkarwar ce fatarka take ji, ka ce zafi. Ita ce kake nema in ka murza tafin hannunka da asubar hunturu. In ka sake kai niƙa, sa hannu cikin garin kafin ya huce, abin da Rumford ya ji a ruwan igwarsa ke nan.