Finafinan Rumawa Da Bikin Ista

Duk shekara idan bikin Ista ya kusanto, gidajen talabijin a ƙasashe irin su Sifen, Italiya, Ingila da Meziko sukan tono tsofaffin finafinan Rumawa su nuna. Iyali kan taru gaban akwati su kalli Ben-Hur ko Quo Vadis, alhali tun suna yara suka san ƙarshen labarin. Dalilin zaɓen wannan lokaci kuwa, labaran sun shafi zamanin Annabi Isa da mabiyansa na farko a ƙarƙashin mulkin Rumawa.

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, don yaƙi da talabijin aka yi waɗannan finafinai. A farkon shekarun 1950 talabijin ta shiga gidajen Amurkawa, 'yan kallo suka fara ƙaurace wa silima. Sai kamfanoni suka koma ga abin da ƙaramin akwati ba zai iya ba: launi, da allo mai faɗi, da dubban mutane a fage guda. Kamfanin MGM ya fito da Quo Vadis a 1951, labarin Sarki Nero da gobarar birnin Rum ta shekara ta 64. The Robe ya biyo a 1953, shi ne na farko da aka nuna da faffaɗan allon CinemaScope. Amma sarkinsu duka shi ne Ben-Hur na 1959, wanda aka ɗauka a Cinecittà cikin Rum, ya ci wajen dala miliyan 15, ya kuma kwashe lambobin Oscar 11. Tseren keken dokinsa na kimanin minti 9 har yau ba a daina zancensa ba.

Sai dai ɗalibin tarihi ya yi hattara. Ben-Hur ya nuna fursunoni cikin sarƙa suna tuƙa jiragen yaƙi, alhali galibin matuƙan jiragen Rumawa 'yantattu ne masu karɓar albashi. Haka kuma fim ɗin Spartacus na 1960 ya gicciye jarumin nasa. A gaskiya wannan shugaban bayi a fagen fama ya mutu a shekara ta 71 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma ba a ga gawarsa ba. Mabiyansa wajen 6,000 ne Crassus ya gicciye a bakin hanyar Appia. Ni dai ban ga laifin kallo ba, muddin ba da shi za a amsa jarrabawa ba.

Kuɗi ne ya kashe kasuwar. Cleopatra na 1963 ya kusan durƙusar da kamfanin Fox, The Fall of the Roman Empire na 1964 kuma ya karya mai shi, Samuel Bronston. Daga nan sai talabijin ta gaje su. Gidan CBS ya fara nuna Ben-Hur a 1971. Tsawonsa na awa uku da rabi ya dace da ranar hutu, ko da yake a tsohon akwati sai an yanke gefen hoton, har wasu dawakan ba su fitowa.