Daga kwana biyar zuwa awa uku: rigimar da ta gajarta wasan kurket

Wani malamin firamare daga Araba, can bakin iyaka a ƙaramar hukumar Illela, ya aiko mini da tambaya. Ya ji a rediyo cewa 'yan matan Najeriya 'yan ƙasa da shekara 19 sun doke New Zealand a wasan kurket, kuma a yini ɗaya aka fara aka gama. Shi kuwa abin da ya sani daga fim ɗin Indiyan nan Lagaan, kurket wasa ne da ake kwana ana tashi a kansa. Yana son ya san wanda ya gajarta shi, da yadda masu abin suka yarda.

Malam, ba ka ji kuskure ba. Ranar 20 ga Janairun 2025 a birnin Kuching na Malesiya, yaranmu sun tara maki 65, New Zealand ta tsaya a 63. Irin wasan da suka buga shi ake kira T20: kowane ɓangare yana da zubi ashirin, kowane zubi jifa shida, awa uku an tashi. A ranar ma zubi 13 aka yi saboda fili ya jiƙe. Masu abin kuwa ba da daɗin rai suka yarda ba.

Asalin wasan manya tsakanin ƙasashe, wanda ake kira Tes, an fara shi a Melbourne a 1877 tsakanin Ostareliya da Ingila. Fararen kaya, jar ƙwallo, hutun abincin rana, hutun shayi. Yau kwana biyar ake yi, amma a da akwai wasannin da ba a yanka musu lokaci. A Durban a watan Maris na 1939, Ingila da Afirka ta Kudu sun shiga kwana na goma suna abu ɗaya. Saura maki 42 Ingila ta ci, sai aka tashi ba wanda ya yi nasara, domin jirgin ruwan da zai mayar da 'yan wasan gida ba zai jira ba.

Da wannan siffa Turawa suka kawo mana shi. A Kwalejin Katsina an koya wa ɗalibai kurket, an kuma koya musu fives, ƙwallon bangon da ake bugawa da tafin hannu. Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, ya yi karatu a can, kuma da fives aka fi tuna shi. Har yau ana buga fives a Arewa, kurket kuwa bai yi nisa daga harabar makarantu ba. A ganina dalilin a fili yake. Bango da ƙwallo sun ishi mai fives, tsakanin la'asar da magariba ya gama. Manomin Araba da damina ta kama, ko mai kai shanu kasuwar Illela, ina ya ga kwana biyar na tsayuwa a fili?

Su ma Turawan matsalar ta cim musu. Da 'yan kallo suka ragu a Ingila, sai a 1963 aka ƙirƙiro gasar yini ɗaya ta Kofin Gillette. Na farko tsakanin ƙasashe ruwan sama ne ya haife shi: a Janairun 1971 ruwa ya wanke wasan Tes a Melbourne, aka shirya na yini ɗaya don a rage asara, sai ga mutum kusan 46,000 sun cika fili. Duk da haka manyan 'yan wasa ba su ɗauke shi da daraja ba. A Kofin Duniya na farko a 1975, Ingila ta tara 334, sai gwanin Indiya Sunil Gavaskar ya tsaya tun daga farko har ƙarshe, ya fuskanci jifa 174, ya samo maki 36 kacal, kamar mai sauran kwana huɗu a gaba.

Wanda ya tayar da ƙurar gaske shi ne Kerry Packer, attajirin Ostareliya mai tashar talabijin ta Channel Nine. A 1976 ya nemi hukumar kurket ta ƙasarsa ta sayar masa da ikon nuna wasanni shi kaɗai, ya sa dalar Ostareliya miliyan ɗaya da rabi na shekara uku. Hukumar ta ƙi, ta bar wa tashar gwamnati ta ABC a kan abin da bai kai kashi ɗaya cikin biyar na tayinsa ba. Packer ba mai haɗiye wulaƙanci ba ne. Tun da an hana shi wasan, sai ya sayi 'yan wasan.

A ɓoye aka yi cinikin. A watan Maris na 1977, ana tsakiyar bikin cikar wasan Tes shekara ɗari a Melbourne, dattawan hukuma na karɓar baƙi, mutanen Packer na zagayawa suna sa 'yan wasa hannu a takarda. Da asiri ya tonu a watan Mayu, mutum 35 sun riga sun shiga, kuma su ne gwanayen duniya. Kusan duk tawagar Ostareliya tana ciki. Akwai Clive Lloyd da Viv Richards na tsibiran Karebiyan, akwai Imran Khan, wanda daga baya ya zama firaministan Pakistan. Abin da ya fi ƙona wa Ingila rai shi ne kyaftin ɗinta, Tony Greig, da kansa ya yi dillancin. Aka tuɓe shi, wasu marubutan Landan suka tuna cewa dama haifaffen Afirka ta Kudu ne, ba jinin Ingila ba.

Hukumomi suka haramta wa duk wanda ya bi Packer buga wasa. Greig da abokansa biyu suka kai ƙara babbar kotun Landan, kuma a Nuwamban 1977 Mai Shari'a Slade ya yanke cewa ba a hana mutum neman abincinsa da sana'arsa. An kuma hana Packer manyan filaye da sunan Tes. Ya yi hayar filin wata ƙwallon daban a gefen Melbourne, aka reni ciyawar tsakiyar fili a wani wuri, aka ɗauko ta aka dasa. Wasansa na farko a Disamban 1977, 'yan kallo ba su kai dubu uku ba a ranar farko. Hukumar Ostareliya kuwa ta kira Bob Simpson, mai shekara 41 da ya daɗe da ajiye wasan ƙasa, ya jagoranci yaran da suka rage.

Akwai abin da masu ba da labarin kan tsallake. Packer da kansa da wasan kwana biyar ya fara, shi ya ɗauka zai ja jama'a. Abin da ya cece shi ƙananan wasannin yini ɗaya ne da aka mayar dare, a ƙarƙashin fitila, da farar ƙwallo, daga baya da kaya masu launi. Ranar 28 ga Nuwamban 1978 a babban filin Sydney, wanda zuwa lokacin aka bar masa, mutane suka yi cincirindo har Packer ya sa aka buɗe ƙofofi, aka kiyasta sun kai 50,000. Leburan da ya tashi aiki da yamma ya samu wasan da zai kalla har ƙarshe, ya koma gida ya san wanda ya ci. Masu ra'ayin gargajiya suka laƙaba masa suna kurket ɗin kayan barci. Wata shida bayan haka, a Mayun 1979, hukumar ta sauko, ta ba Packer ikon talabijin ɗin da ta hana shi.

Labari biyu ake bayarwa kan wannan rigima. Na farko ya ce ɗan kasuwa ne mai haɗama ya shiga gidan mutunci ya mayar da shi rumfar ciniki, ya koya wa 'yan wasa son kuɗi. Na biyu ya ce gidan dama yana yoyo, Packer ya tarar da shi ne kawai. Ni na fi gamsuwa da na biyu. Ba don Packer waliyyi ba ne, shi tasharsa yake wa aiki, kuma da ya samu abin da yake so ya naɗe tabarmarsa. Amma mutum 35 ba sa sa hannu a ɓoye, su riƙe sirri watanni, in ba ransu ya daɗe da ɓaci ba. Filaye suna cika, kuɗin ƙofa na shiga, amma ɗan wasan Ostareliya sai ya roƙi hutu a wurin aikinsa kafin ya je ya wakilci ƙasa. Da suka yi ƙorafi, wani jami'in hukumar ya shaida musu cewa akwai dubban da za su buga kyauta. 'Yan Karebiyan kuwa, zakarun duniya a 1975, sun fi kowa shan wahala. Wanda ya taɓa ganin ɗan kokawa ya kayar da gari guda, makaɗi da mai fili sun kwashe, shi an sallame shi da na mota, ya san irin wannan ɓacin rai.

Abin da ya biyo baya maimaici ne, sai dai ya fi sauri. A Ingila hukumar da kanta ta kawo T20, ƙungiyoyin gundumomi suka amince da ƙuri'a 11 da 7, aka fara a Yunin 2003. Wasan maza na farko tsakanin ƙasashe, a Auckland a Fabrairun 2005, Ostareliya da New Zealand sun ɗauke shi raha, har alƙali ya ɗaga jan kati don ba da dariya. Indiya ta fi kowa jan ƙafa. Da aka zo Kofin Duniya na T20 a 2007, manyanta uku, Tendulkar da Dravid da Ganguly, ba su je ba, aka tura matasa ƙarƙashin Dhoni. Suka doke Pakistan da maki biyar a wasan ƙarshe a Johannesburg. Shekara na zagayowa aka fara gasar IPL ta Indiya, wadda aka sayar da ikon nuna ta na shekara biyar a 2022 kan sama da dalar Amurka biliyan shida.

Ba zan ce masu kukan gargajiya ba su da hujja ba. A Fabrairun 2024 Afirka ta Kudu ta tura tawagar sababbin shiga New Zealand buga Tes, ta riƙe gwanayenta a gida saboda gasarta ta T20. Wannan ya sosa mini rai, domin a dogon wasa akwai haƙuri da dabarar da awa uku ba ta ɗauka. Amma in na tuna su wa dogon wasan ya bari a bakin ƙofa, sai hankalina ya koma wani wajen. Tun 1904 aka buga wasa tsakanin Legas da Gold Coast, wato Ghana ta yau, amma har gobe ƙasashe 12 ne kacal ke da ikon buga Tes, Najeriya ba ta ciki. T20 kuwa, hukumar duniya ta ICC ta buɗe shi ga duk mambobinta, mata daga 2018, maza daga 2019. Ta wannan ƙofa matan Najeriya suka ɗauko tagulla a Wasannin Afirka a Accra a 2024, ta nan kuma ƙannensu suka bi zuwa Kuching. Shi ne kuma za a buga a Olamfik na Los Angeles a 2028, karo na farko da kurket zai koma can tun 1900.

Malam, in kana da niyyar gwada shi da ɗalibanka a Araba, sanduna uku-uku a ɓangare biyu, da katako mai faɗi, da ƙwallon tenis sun isa a fara. Ku yanka zubi biyar-biyar, za ku gama kafin a kaɗa ƙararrawar tashi.