Zanen Wayarin a Maiduguri: Daga Tebur Zuwa Kwamfuta

Aikin wayarin a Maiduguri ya taso ne a kan ƙa'idojin Ingila, kamar a sauran biranen Nijeriya. Hukumar wutar lantarki ta ECN, wadda aka kafa a 1950, da NEPA da ta gaje ta a 1972, duk sun bi tsarin Turawa, har yau kuma shi ake bi: soket mai ƙafa uku, waya mai kaurin 1.5 don ƙwayayen fitila, mai kaurin 2.5 don soket.

A da, zanen wayarin babban gini aikin hannu ne. Mai zane zai shimfiɗa takarda mai shara-shara a kan tebur, ya bi taswirar ginin da fensir da rula, ya nuna mazaunin kowane makunni da hanyar da waya za ta bi har akwatin fis, sannan ya bi da tawada. Idan mai gini ya matsar da bango ɗaya, sai a kankare da reza ko a sake sabon zane. Irin wannan horo aka fara bayarwa a kwalejin fasaha da aka buɗe a 1973, wadda ta zama Ramat Polytechnic, daga baya kuma a Jami'ar Maiduguri da aka kafa a 1975.

Kamfanin Autodesk na Amurka ya fitar da manhajar AutoCAD a 1982, amma sai da kwamfuta ta yi araha kafin ta zama kayan aikin ofisoshin injiniyoyi. Babban amfaninta shi ne raba zane falle-falle: bango daban, fitilu daban, soket daban, bututun da ake binnewa a kankare daban. Ana iya auna tsawon waya tun ba a sayi ko ƙulli ɗaya ba, a kuma ga inda bututun wuta zai ci karo da na ruwa kafin a zuba kankare.

Halin da garin ya shiga ya ƙara wa sauƙin gyaran zane a kwamfuta daraja. A Janairun 2021 mahara suka rusa turakun babban layin da ke kawo wuta daga Damaturu, birnin ya yi watanni a duhu. Jama'a suka koma janareta da sola. A Maris 2023 aka ƙaddamar da tashar gas mai megawat 50. Gini ɗaya yanzu yakan sha wuta daga kafa uku, wato babban layi da janareta da sola, dole zanensa ya nuna inda ake sauya layi da ɗakunan da batir zai iya ɗauka.

Duk da haka, manhajar ta fi zama a manyan kwangiloli, wato asibitoci da makarantu da rukunin gidaje. A gidajen unguwa, mai wayarin da ya koya a hannun maigidansa yakan zana hanyar waya da alli a jikin bulo, ya fasa, ya binne. Da an yi filasta taswirar ta tafi, wanda zai zo gyara bayan shekaru sai ya yi ta lalube.