Masu Saurare da Masu Nema: Tarihin Ƙofar Ikilisiyar Kartaj

A ranar 17 ga watan Yuli na shekara ta 180 bayan haihuwar Almasihu, aka gurfanar da waɗansu mutanen wani ƙaramin gari mai suna Sili a gaban Saturninus, gwamnan Rumawa mai riƙon lardin Afirka, a birnin Kartaj, wanda kufansa yake nan har yau a bakin Bahar Rum, kusa da birnin Tunis. Tuhumar da ake yi musu ɗaya ce tak, watau sun ƙi rantsuwa da Kaisar, sun kuma ƙi yin hadaya domin lafiyarsa kamar yadda sauran talakawa ke yi. Gwamnan nan, da yake ba shi da marmarin zubar da jini in da hali, sai ya yi musu tayin kwana 30 su je su yi shawara da zukatansu. Amma Siferatus, wanda shi ne bakinsu, ya ce ba su da bukatar ko kwana ɗaya, sauran suka goya masa baya, aka yanke musu hukunci su 12, aka fille kawunansu.

Wanda ya ji labarin nan daga nesa zai ce ai wannan gaggawa ce, ko kuwa taurin kai, alhali kuwa in aka duba rubuce-rubucen da malaman Kartaj suka bari bayan wannan da shekara 20 kacal, sai a tarar da wata jama'a wadda babu abin da take tsoro kamar a shiga addininta da garaje. A wurinsu, al'amarin da ya shafi makomar mutum a lahira bai kamata a ƙulla shi a zama ɗaya ba, saboda haka suka yi wa ikilisiya zaure, inda baƙo zai daɗe yana jira ana duba halinsa, shi kuma yana duba nauyin abin da yake shirin ɗauka, kafin a ce masa ya shigo cikin gida.

Mutumin da ya zo yana son ya bi Almasihu ba a fara yi masa baftisma. Sai a yi masa alamar gicciye a goshi, a ɗora masa hannu, a kuma ɗanɗana masa gishiri, kamar yadda aka saba daga baya, daga nan ya shiga sahun waɗanda ake kira masu saurare. Yana da iznin ya zo sujada ya ji karatun Littafi da wa'azi, amma da an gama wa'azi sai a sallame shi tare da 'yan'uwansa, a rufe ƙofa, masu baftisma kaɗai su zauna su ci Jibin Ubangiji. Wani tsohon littafin tsarin ikilisiya da ake jingina wa Hifolitus na Roma ya ƙayyade wa wannan zama shekara 3, ko da yake ya yarda a rage wa wanda halinsa ya nuna ya kai. Abin da aka fi bincike kuwa shi ne mu'amalar mutum da hanyar cin abincinsa, fiye da yawan abin da ya haddace. Tartuliyan, babban marubucin Kartaj na wajejen shekara ta 200, mutum mai kaifin alƙalami da zafin zuciya, ya yi littafi guda a kan bautar gumaka, inda ya bi sana'o'i ɗaya ɗaya: mai sassaƙa gunki, da mai duba da taurari, da mai sayar da turaren da ake ƙonawa a ɗakunan tsafi, har da malamin makaranta wanda aikinsa ya tilasta masa koyar da tatsuniyoyin alloli. Ga masassaƙi da ya ce to me zai ci, jawabin malamin shi ne ya juya gwanintarsa ga gyaran rufin gidaje da yaɓe da sassaƙa akwatuna. Ke nan tun kafin ruwa ya taɓa jikin mutum, aƙidarsa ta riga ta taɓa aljihunsa, kuma a ganina a nan ne hikimar tsarin take, domin imanin da bai taɓa jawo wa mai shi hasarar ko anini ba yana da wuyar aunawa.

Tartuliyan ya kai ga ba da shawara a jinkirta baftismar ƙananan yara sai sun yi wayon sanin abin da suke nema, haka ma gwauraye da zawarawa sai sun yi aure ko sun tabbata a kan kamun kai, bisa hujjar cewa wankan nan sau ɗaya ake yinsa, yana shafe zunubin da ya gabata, amma wanda ya koma ga babban laifi a bayansa ya shiga haɗari mai girma. Shi ne kuma ya bar mana bayanin yadda ake yi: mai nema zai shirya da azumi da addu'a da raya dare da furta laifuffukansa, sa'an nan a gaban shugaban ikilisiya ya yi bara'a da Shaiɗan da ƙawarsa da mala'ikunsa, a nutsar da shi cikin ruwa sau 3, in ya fito a ba shi madara da zuma, ya kuma yi mako guda bai shiga gidan wanka ba, abin da ba ƙaramin sadaukarwa ba ne ga mutumin birnin Rumawa. Wuraren baftisma na ƙarnonin baya suna nan a Tunisiya, a Subaitila da kuma gidan tarihi na Bardo, ramuka ne masu matakala, an shafe su da ƙananan duwatsu masu launi, mutum ya sauka ta wannan gefe ya haura ta wancan.

Mafi shahara cikin masu sauraren Kartaj wata mace ce 'yar manyan gida, Farfetuwa, mai shekara wajen 22, tana goyon jariri, aka kama ta a shekara ta 203 tare da wata baiwa mai suna Filisita da waɗansu maza, dukansu ba a riga an yi musu baftisma ba. Wannan shi ne abin lura a al'amarinta, domin bisa ga ƙa'ida ba ta ɗauki alkawarin ƙarshe ba tukuna, ƙofar komawa a buɗe take, kuma mahaifinta, wanda ba Kirista ba ne, ya yi ta zarya yana roƙonta ta dubi furfurarsa, ta dubi ɗanta, ta dubi mutuncin danginta. A cikin kwanakin tsaron nan ne aka yi mata baftisma. Ranar shari'a a gaban mai shari'a Hilariyanus, tsohon ya zo da jaririn a hannunsa, ya dage har aka sa aka buge shi da sanda, ita kuwa ta rubuta da hannunta cewa dukan ya yi mata zafi kamar a jikinta ya sauka, amma ba ta yi hadayar ba. Malaminsu Saturus, wanda ba ya nan sa'ad da aka yi kamen, ya kawo kansa domin kada almajiransa su tafi su bar shi. Filisita ta haihu a kurkuku da cikin wata 8, wata 'yar'uwa a ikilisiya ta ɗauki 'yar ta rene ta. Ranar 7 ga Maris aka fito da su filin wasa, aka saki namun daji a kan mazan, aka saki wata muguwar saniya a kan matan, takobi ya ƙarasa saura.

Sai dai ba kowa ne Farfetuwa ba, kuma tarihi ba ya cika sai an faɗi wannan. Bayan zaman lafiya mai tsawo ikilisiya ta yi yawa, ta kuma yi sanyi, har a shekara ta 250 Kaisar Dishiyus ya ba da umurni kowane ɗan ƙasa ya yi hadaya a gaban hukuma ya karɓi takardar shaida (an tono irin takardun nan da dama a rairayin Masar). Kifriyan, bishof na Kartaj, wanda ya ɓuya a lokacin yana tafiyar da jama'arsa ta wasiƙu, ya ba da labari da baƙin ciki cewa mutane da yawa ba su ma jira an kira su ba, da ƙafarsu suka ruga dandali, har magariba ta yi ma'aikata suna cewa a dawo gobe, su kuwa suna roƙo a karɓi tasu a yau. Masu hali suka sayi takardar da kuɗi ba tare da sun ƙona turare ba. Da ƙura ta lafa sai ga tambaya mai nauyi: wanda ya yi ridda bayan baftisma, akwai sauran tuba a gare shi? Masu tsanani suka ce babu, masu sassauci suka ce a karɓe su nan take. Taron bishof-bishof na shekara ta 251 ya bi tsakiya, ya bambanta wanda ya sayi takarda da wanda ya yi hadaya da hannunsa, ya ɗora wa na biyun tuba mai tsawo wadda ba a warware ta sai a bakin mutuwa, ko da yake ba da daɗewa ba aka sassauta, don tsoron wata sabuwar fitina. Shi kansa Kifriyan an fille masa kai ranar 14 ga Satumba na shekara ta 258.

Da Sarki Kwanstantin ya ɗauke wa Kirista takunkumi a shekara ta 313, sai al'adar ta juye ta inda ba a zata ba. Jinkirin da aka shimfiɗa domin mutum ya yi tunani ya zama mafakar masu son cin duniya da tsinke, suna lissafin cewa tun da wanka ɗaya ne ke shafe komai, gara a ajiye shi sai an ga alamar ajali. Sarkin da kansa bai karɓi baftisma ba sai yana kwance cikin ciwon ajali a shekara ta 337. Agustin, wanda aka haifa a Tagasta, watau Suƙ Ahras ta Aljeriya, a shekara ta 354, ya ba da labarin cewa yana yaro ciwon ciki ya kusa kashe shi, ya roƙi baftisma, mahaifiyarsa Monika ta fara shiri, amma da ya sami sauƙi sai aka ɗage, bisa tunanin cewa ƙuruciya na gaba da dukan dattinta. Ya yi karatu a Kartaj, ya shekara 9 cikin ɗariƙar Mani, bai shiga ruwa ba sai daren Ista na shekara ta 387, a hannun Ambros bishof na Milan, shi da ɗansa da amininsa Alifiyus.

Ba mamaki ke nan da ya zama bishof na Hifo, inda birnin Annaba yake yanzu, ya mai da yaƙi da “sai gobe” babban aikinsa. Kowace shekara, in azumin kwana 40 ya gabato, yakan matsa wa masu saurare su ba da sunayensu su shiga sahun masu nema, waɗanda za su yi makonni cikin azumi da bincike, su tsaya ba takalmi a kan shimfiɗar gashin akuya ana yi musu addu'ar korar Shaiɗan, a ba su aƙidar bangaskiya da baki su haddace, ba a rubuce ba, su maido ta a gaban jama'a, sa'an nan a koya musu Addu'ar Ubangiji. Ya kuma san halin mutanensa sarai, don ya ambata a wa'azi yadda girgizar ƙasa ta kori mutanen Sitifis zuwa gonaki, aka ce kimanin mutum 2,000 suka karɓi baftisma a 'yan kwanakin nan. Amma bai yarda a gyara jinkiri da gaggawa ba, domin a shekara ta 413 ya yi littafi yana sukar masu cewa a fara yi wa mutum baftisma, daga baya a koya masa tarbiyya. Littafinsa da na fi so a wannan babi ƙarami ne, ya rubuta shi saboda wani dikon na Kartaj mai suna Diyogratiyas, wanda ya koka cewa wa'azinsa ga baƙi ya gundure shi shi kansa. Agustin ya ce masa ya fara tambayar baƙon abin da ya kawo shi, ko tsoro ne, ko mafarki, ko neman yardar wani babba. In ya ga yana hamma ya ba shi wurin zama, ya sako wata magana da za ta farkar da shi. Ya kuma gaya masa tun da wuri cewa a cikin ikilisiya zai tarar da mashaya da mazambata, kada ya ce an ruɗe shi.

Abin da ya kawo ƙarshen zauren daga hannun Agustin ɗin ya fito. Jayayyarsa da wani malami mai suna Filajiyus a kan zunubin da ɗan Adam ke gada ta sa taron Kartaj na shekara ta 418 ya tabbatar da cewa jariri ma yana bukatar baftisma, iyaye suka shiga hanzarin kai 'ya'yansu, sahun manya masu saurare ya yi ta raguwa. Daga baya ƙabilar Bandal suka ci Kartaj a 439, Rumawan Gabas suka ƙwato shi a 533, Hassan ɗan Nu'uman ya buɗe shi a 698, Tunis ta gaje shi, duwatsunsa suka shiga gine-ginen wasu birane.

Mutumin da ya tono al'adar bayan ƙarnoni Bafaranshe ne, Labijeri, babban bishof na Aljiyas, wanda ya kafa ƙungiyar Fararen Fada a 1868, aka kuma ƙara masa kujerar Kartaj a 1884. Ya taɓa koyar da tarihin ikilisiya a Faris, saboda haka da ya tura ayarinsa na farko zuwa manyan tafkunan gabashin Afirka a 1878, sai ya ɗora musu sharaɗin shekara 4 na koyarwa kafin baftisma, in ba wanda mutuwa ta zo masa ba. A Buganda, a yankin nan, da Sarki Muwanga ya juya wa yaran fadarsa na Kirista baya a 1886, Luwanga, shugabansu, ya yi wa waɗansu masu saurare baftisma cikin dare, har da wani yaro mai suna Kizito, kafin a tasa ƙeyarsu zuwa Namugongo, inda aka ƙone da yawansu ranar 3 ga Yuni. Babban taron Fatikan na biyu ya ba da umurni a 1963 a maido da tsarin mataki-mataki ga manya a ikilisiyar Katolika duka, aka fitar da littafin ƙa'idarsa a 1972, amma ba a ƙayyade shekaru ba, aka bar wa bishof-bishof na kowace ƙasa su duba halin mutanensu su yanke tsawon jiran.