TARIHIN WANNAN MAKO: Safar Hannu Mai Tsaga

Yau za mu leƙa ƙasashen dusar ƙanƙara, inda sanyi kan cinye wa mutum yatsu.

Safar hannu iri biyu aka fi sani a can. Akwai mai gida biyar, kowane yatsa da nasa: tana da daɗin aiki, amma yatsu kan yi saurin sandarewa. Akwai kuma mai kamar jaka, wadda yatsu huɗu ke kwana ɗaki ɗaya suna ɗumama juna: ga ɗumi, sai dai ko maɓalli ba ka iya ɓallawa sai ka cire ta.

To, a wajen cirewar nan ake yin asara. Ranar 3 ga Yuni, 1950, Maurice Herzog ɗan Faransa ya kai ƙololuwar dutsen Annapurna a Nepal. Yana saukowa ya cire safarsa don ya buɗe jaka, ta suɓuce ta gangara. Ƙarshenta sai da aka yanke masa yatsu.

Tun kafin wannan, matan tsibirin Newfoundland da ke Kanada sun gano mafita. Suna saƙa wa mazajensu maharba da masunta safar ulu mai gida uku: babban yatsa daban, manuniya daban, sauran ukun a haɗe. Maharbi sai ya ja kunamar bindiga hannunsa a rufe. Sojojin Amurka ma sun sa irinta a Yaƙin Duniya na Biyu da Yaƙin Koriya, inda sanyin tafkin Chosin ya illata dubban sojoji a ƙarshen 1950.

Daga baya masu wasan zamiya a kan ƙanƙara suka gaje ta, don tana ba su damar riƙe sanda da jan zif ba tare da sun tuɓe ba. Kamfanin Hestra na Sweden, wanda Martin Magnusson ya kafa a 1936 yana ɗinka wa masu saran itace safa, na cikin masu yin ta a yau. Akwai ma wadda ke raba yatsun bibbiyu.

Tana da aibi ɗaya: manuniya da aka ware ita ce kan fara jin sanyi. Shi ya sa in mai wasa ya tsaya hutawa, yakan zaro ta ya cusa cikin 'yan uwanta har ta farfaɗo.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.